BABI NA HUƊU: TARIHIN SUFURI A KANKIYA DA KUSADA DA MATSAYIN MOTAR LANTARKI MAI ARAHA

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin ababen hawa da mutanen Kankiya da Kusada suka yi amfani da su tun daga zamanin fatauci da jakuna har zuwa lokacin da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023. Manufar yin haka ita ce a gano sharuɗɗan da kowane abin hawa ya cika kafin ya sami gindin zama a wannan yanki, sannan a auna motar lantarki mai araha da waɗannan sharuɗɗa. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, arahar abin hawa ita kaɗai ba ta isa ta sa jama'a su karɓe shi ba, sai an sami abin da yake ci a kusa, an sami mai gyara shi a kusa, kuma ya iya ɗaukar irin kayan da mutanen wurin suke ɗauka.

4.1 Kankiya da Kusada a Bisa Hanyar Kano zuwa Katsina

Kankiya da Kusada ƙananan hukumomi ne guda biyu masu maƙwabtaka da juna a tsakiyar Jihar Katsina, jihar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Kaduna a ranar 23 ga Satumba, 1987. Su biyun tare da Ingawa suke da wakili ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna Kankiya tana da mutane sama da 150,000, Kusada kuwa kusan 100,000. Mafi yawan waɗannan mutane manoma ne da makiyaya, suna noma gero da dawa da wake da gyaɗa, kuma suna zaune a ƙauyuka irin su Rimaye da Kafin Soli da Yashe da Mawashi.

Babban abin da ya ba yankin muhimmanci ta fuskar sufuri shi ne hanyar Kano zuwa Katsina, wadda ta biyo ta Bichi da Tsanyawa, ta shigo ƙasar Katsina, ta ratsa garin Kankiya, ta wuce Caranci kafin ta isa birnin Katsina. Daga Kankiya zuwa Katsina kimanin kilomita 60 ne, zuwa Kano kuwa ya haura kilomita 100. Har ila yau akwai hanyar da ta tashi daga Kankiya zuwa Dutsin-Ma da wadda ta nufi Ingawa. Yana da kyau a riƙe waɗannan nisa, domin za a koma kansu idan an zo maganar tafiyar da motar lantarki take iya yi kafin batirinta ya ƙare.

4.2 Daga Jaki zuwa Mota

Kafin zuwan Turawa, fatake suna bin hanyoyin da suka haɗa Kano da Katsina a cikin ayari, ƙarƙashin jagorancin madugu, suna yada zango a garuruwan da ke bakin hanya. Ababen ɗaukar kayansu su ne jakuna da takarkarai da raƙuma. Jaki ya fi kowanne yawa saboda talaka yana iya mallakarsa, abincinsa ciyawa ce da kara da dusa waɗanda suke samuwa a kowane gida, kuma in ya yi rashin lafiya akwai masu magani a gari. Da mangala ake kai taki gona, da taiki ake kai hatsi kasuwa.

Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya bunƙasa nan da nan. Wani reshe na dogon ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, amma babu wanda ya ratsa Kankiya ko Kusada. Saboda haka gyaɗa da audugar yankin a bayan dabbobi aka riƙa kai su wuraren awo, daga baya manyan motoci suka karɓi aikin. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin sarakunan Arewa na farko da suka mallaki mota. Amma a wancan zamani mota abin sarakuna ce da Turawa da manyan attajirai. Abin hawan zamani da ya fara shiga hannun malamin makaranta da ɗan kasuwar ƙauye shi ne keke, musamman ƙirar Raleigh, domin ba ya cin komai sai ƙarfin ƙafa, kuma mai faci yana iya koyon gyaransa cikin ɗan lokaci. Amalanken shanu shi ma ya samu karɓuwa a wurin manoma saboda shanun huɗa suna nan a gida, maƙeri da kafinta kuma suna iya haɗa shi.

4.3 Zamanin Fijo da Kwatano da Acaɓa

Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya canza fasalin sufuri a duk ƙasar Hausa. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, ƙirar 504 kuma ta zama motar gwamnati da ta haya baki ɗaya. Fijo ta yi ƙarko a hanyoyin Katsina saboda tana jure gargada, kayan gyaranta sun cika kasuwannin Kano irin su Ƙofar Ruwa, kuma kusan kowane bakanike ya san cikinta. A 1978 aka kafa ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wato NURTW, wadda ta tsara lodi da layi a tashoshi.

Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Daga nan aka koma sayen tsofaffin motocin Turai waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, shi ya sa ake ce musu motocin Kwatano ko Beljiyam. Golf da sauran ire-irenta suka maye gurbin Fijo a tashoshin mota. A lokaci guda babura masu sauƙin kuɗi daga Sin, kamar Jincheng, daga baya kuma Bajaj daga Indiya, suka sa sana'ar acaɓa ta watsu har ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Babur yana kai mara lafiya asibitin Kankiya, yana ɗaukar buhun hatsi, yana bin hanyar yashi da ta taɓo.

A duk wannan lokaci farashin fetur yana ta hawa. A 1986 lita ta tashi daga kwabo 20 zuwa kwabo 39.5. A 1994 ta kai naira 11, kuma shekarun da suka biyo baya sun yi fama da ƙarancin mai da dogayen layuka. A Janairun 2012 an ɗaga ta daga naira 65 zuwa 141, zanga-zanga ta sa aka mayar da ita 97. A 2016 ta zama naira 145. Duk da haka motar fetur ba ta rasa matsayinta ba, domin ko gidan mai ya rufe, 'yan bumburutu suna bakin hanya da galan da kwalba. Ana iya ɗaukar fetur a jarka a kai shi kowane lungu, wannan kuwa fifiko ne babba a wurin mutumin ƙauye.

4.4 Asalin Motar Lantarki, Faɗuwarta da Dawowarta

Mutane da yawa suna ɗauka motar lantarki sabuwar ƙirƙira ce, alhali ta girmi Fijo da shekaru masu yawa. A 1899 wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya zama mutum na farko da ya haura gudun kilomita 100 a awa ɗaya cikin mota, kuma motar tasa ta lantarki ce. A wajen 1900 kimanin kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka da batir suke tafiya. An so su saboda ba su da ƙara, ba su hayaƙi, kuma ba a wahalar murɗa hannu kafin a tashe su.

Abubuwa uku suka kayar da ita. Na farko, Henry Ford ya fito da Model T a 1908 a kan dala 850, farashin kuma ya yi ta sauka har ya yi ƙasa da dala 300 a shekarun 1920. Na biyu, a 1912 aka fara sa wa motar fetur na'urar tayar da inji, wadda Charles Kettering ya ƙera, wahalar murɗa hannu ta ƙare. Na uku, wanda ya fi shafar wannan nazari, ƙauyukan Amurka ba su da lantarki. Har farkon shekarun 1930 gona ɗaya cikin goma ce kawai take da wuta. Manomi kuwa ba zai sayi motar da ba shi da wurin cajinta ba.

Dawowar motar lantarki ta samo asali ne daga batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Nissan ta fito da Leaf a 2010, Tesla ta fito da Model S a 2012. Farashin batirin ya sauko daga sama da dala 1,000 a kan kowane yunit, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, a 2010, zuwa kimanin dala 115 a 2024. Ƙasar Sin ce ta fi kowa cin moriyar wannan sauki. A 2020 aka fito da wata 'yar ƙaramar mota mai suna Wuling Hongguang Mini a kan yuwan 28,800, wato kimanin dala 4,200. A 2023 kamfanin BYD ya fito da Seagull, wadda ta fi ta girma da nisan tafiya. A 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a duniya, fiye da mota ɗaya cikin kowace biyar da aka sayar sabuwa. A Afirka ma, ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu amfani da fetur a 2024, tana dogaro da wutar da madatsun ruwanta suke samarwa.

4.5 Shigowarta Nijeriya

A Nuwamban 2020 kamfanin Stallion ya ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki wadda aka harhaɗa a Legas, a kan kuɗi kimanin naira miliyan 24. Hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato wanda ya yi suna wajen zana motoci a kamfanin General Motors na Amurka, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, aka kuma yi irinta a Jami'ar Legas da ta Nsukka. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi fice wajen cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana mayar da su masu batir, kuma a Disamban 2023 gwamnatin Jihar Borno ta ƙaddamar da motocin haya da suka haɗa da na lantarki. Abin lura shi ne, duk waɗannan yunƙuri a manyan birane da harabar jami'o'i aka yi su, inda tafiya ba ta da nisa kuma akwai hukumar da ke ɗaukar nauyin wurin caji.

4.6 Abin da ke Jan Hankali

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuma a Oktoban 2024 ta wuce naira 1,000. Kuɗin mota daga Kankiya zuwa Kano ko Katsina ya ninka, haka ma kuɗin kai hatsi kasuwannin Caranci da Dawanau. A irin wannan hali ne maganar motar da ba ta shan mai ta shiga zukatan direbobi.

Lissafi yana goyon bayan wannan sha'awa. Idan motar haya tana shan lita 8 a tafiyar kilomita 100, a farashin naira 1,000 direba zai kashe naira 8,000. Motar lantarki mai matsakaicin girma tana cin kimanin yunit 15 a wannan tafiya. Ko da an yi lissafi da naira 225 a kan yunit, wato farashin da aka sa wa masu rukunin farko na wuta a Afrilun 2024, kuɗin bai wuce naira 3,375 ba. Bugu da ƙari, ba ta buƙatar baƙin mai ko fulogi ko kafireta ko salansa, saboda haka juyen mai da yawan zuwa gareji sun ragu. Daɗin daɗawa, yankin Katsina yana cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a Nijeriya, jama'a kuma sun riga sun saba da farantan sola a rijiyoyin burtsatse da shagunan cajin waya.

4.7 Iyakokinta a Kankiya da Kusada

Iyaka ta farko ita ce wuta, domin Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kankiya tana da tashar rarraba wuta a bisa babban layin da ya taso daga Kano zuwa Katsina, kuma tun 2013 kamfanin KEDCO ne ya gaji aikin rabon wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa daga hannun gwamnati. Amma wucewar layi ta gari daban, samun wuta a gida daban. Ƙauyuka da yawa ba a kai musu turaku ba, waɗanda aka kai wa kuma sukan yi sa'o'i masu yawa ba wuta. A Oktoban 2024 lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta jefa Kano da Katsina da maƙwabtansu cikin duhu sama da mako guda. Direban da motarsa ke jiran caji a irin waɗannan kwanaki ya rasa abincin iyalinsa. In kuwa ya koma ga janareta, ribar ta tafi, domin ƙaramin janareta ba ya ba da fiye da yunit 2 a kowace lita, wato zai ƙona kusan man da motar fetur za ta sha.

Tarihin ayyukan wuta a yankin ma abin lura ne. A Yulin 2016 gwamnatin tarayya ta sa hannu da kamfanoni 14 domin samar da megawat 1,125 daga hasken rana, cikinsu har da kamfanin Pan Africa Solar wanda ya tsara gina tashar megawat 75 a Kankiya. Saɓani a kan farashi da lamunin gwamnati ya tsayar da ayyukan, har 2023 babu ɗaya da ya fara ba babban layin ƙasa wuta. Haka nan tashar iska mai megawat 10 da ke Lambar Rimi ta shafe sama da shekara goma ba a kammala ta ba, musamman bayan sace injiniyan Faransa da ke aikin a Disamban 2012.

Iyaka ta biyu ita ce nisa da kaya. Ƙaramar Wuling mai araha tana da kujera huɗu, batirinta bai kai yunit 10 ba, tafiyarta kimanin kilomita 120 ce a gwajin masu ƙira, kuma tana ɗaukar sama da awa 6 kafin ta cika a soket na gida. Wannan yana nufin da ƙyar za ta kai Kano daga Kankiya, ba kuma za ta dawo ba sai ta yini a caji. Direban Golf kuwa yana yin sawu biyu a rana, da fasinjoji da buhuna da akuyoyi. An ƙera waɗannan ƙananan motoci ne domin kwaltar birni, cikinsu kusa da ƙasa yake, batirin kuma a ƙarƙashi yake, don haka hanyoyin ƙauye a lokacin damina suna iya yi musu lahani.

Iyaka ta uku ita ce gyara. Bakaniken da ya koyi aiki a kan Fijo da Golf da kunne da hannu yake gano cuta, ita kuwa motar lantarki sai da kwamfuta, kuma wutar batirinta tana iya kisa in ba a san ta ba. Batirin shi ne sashe mafi tsada a jikinta, zafi kuma yana rage masa kwana, ga shi a watannin Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40. Akwai kuma masu juyen mai da masu gyaran lagireto da 'yan bumburutu waɗanda abincinsu ya rataya a kan injin fetur.

Iyaka ta huɗu ita ce kuɗin saye. Abin da ake kira araha a Sin ba araha ba ne a Kusada. Dala 4,200 a canjin naira 1,500, kamar yadda aka gani a 2024, ta kama naira miliyan 6.3 kafin a biya jirgi da kwastan. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato albashin wata 90 ke nan, shekara bakwai da rabi ba ci ba sha. Sannan motar Kwatano tana da kasuwa in mai ita ya matsu ya so sayarwa, amma mai sayen tsohuwar motar lantarki zai fara tambayar sauran kwanan batirinta.

4.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa jaki da keke da amalanke da Fijo da Golf da babur duk sun karɓu a Kankiya da Kusada ne saboda sun cika sharuɗɗa huɗu: kuɗinsu bai gagara ba, abin da suke ci yana kusa, mai gyaransu yana gari, kuma suna ɗaukar kayan manomi. Motar lantarki mai araha ta fi motar fetur sauƙin kuɗin tafiya, amma ta gaza a sauran sharuɗɗan, kamar yadda ta gaza a ƙauyukan Amurka shekara ɗari da suka wuce saboda rashin wuta.

Bisa ga wannan tarihi, ƙofar da lantarki zai fi saurin shiga sufurin yankin ita ce ta babur da keke mai ƙafa uku, domin batirinsu ƙarami ne, 'yan farantan sola a tasha suna iya caja shi, ana iya musanya wanda ya ƙare da cikakke, kuma tafiyarsu tsakanin gari da ƙauye ba ta da nisa. Saboda haka ana ba da shawarar cewa gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin biyu su fara da kafa wuraren caji masu sola a tashoshin mota, su haɗa kai da ƙungiyoyin direbobi da 'yan acaɓa wajen ba da ababen hawan bashi, su kuma koya wa matasan kanikawa aikin batir kafin motocin su iso. Babi na gaba zai duba kalmomin da wannan sabuwar fasaha ta shigo da su cikin Hausar direbobi da kanikawa.